LAIMAR KWAƊI MAI HASKE DA DARE: Bayani ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan 'yar takarda ne domin Hakimai da Malaman Hakimai na ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, don su san abin da za su gaya wa jama'a in an kawo musu labarin cewa an ga kututture ko ruɓaɓɓen itace yana ba da haske cikin dare, babu wuta, babu hayaƙi. Irin wannan labari in ya shiga ƙauye ba ya kwana inda ya sauka. Kafin gari ya waye wani zai ce aljanu ne, wani ya ce wutar mayu ce, wani kuwa, da ya ke ƙasar zinariya ce, ya ce alamar dukiya ce a ƙarƙashin ƙasa, ya ɗauko diga da shebur. Mafi muni daga cikin ukun nan shi ne na tsakiya, gama da zarar an ambaci maita sai a shiga neman wanda za a ɗora wa, kuma galibi a kan wata tsohuwa marar gata a ke ƙarewa. Dokar ƙasa ta hana a zargi mutum da maita, amma doka ba ta isa ƙauye da sauri kamar yadda tsegumi ke isa. Hakimin da ya san asalin abin, shi ne zai iya kashe maganar tun a zauren Dagaci.

ASALIN ABIN

Kowa ya san laimar kwaɗi, wadda ke fitowa da damina a juji da gindin itace da bakin suri. Irin da a ke ci daga cikinta a kan ce masa naman kaza. Ba ciyawa ba ce, ba ta kuwa cikin dangin itatuwa. 'Yar'uwar funfuna ce, irin wadda ke hawa tuwon da ya kwana biyu ko goron da ya sha danshi. Ba ta da ganye, ba ta cin hasken rana kamar gero da dawa. Abincinta shi ne abin da ya mutu: itace, da ganye, da kara, da kashin shanu.

Abin da ido ke gani a sarari, watau ƙafar nan da malafar da ke bisanta, ɗan kaɗan ne daga jikinta. Ainihin jikin yana ɓoye cikin itace ko cikin ƙasa, wasu zarurruka ne farare, sirara ƙwarai, sun sarƙe kamar saƙar gizo. A cikin wannan takarda za a riƙa ce da su saƙa. Wanda ya taɓa fasa ruɓaɓɓen itace ya tarar da wani fari-fari kamar auduga a tsakanin ɓawo da jiki, to, ya ga saƙa. Ita ce ke cin itacen a hankali har ya yi taushi ya koma ƙasa. In ta ƙoshi, ruwa kuma ya wadata, sai ta fid da laima. Laimar kamar zangarniya ce: aikinta ta zubar da iri. Irin kuwa ƙura ne, ba a ganin ƙwayarsa sai da madubin likita, daga ƙarƙashin malafa ya ke zuba, iska ta kwashe shi.

Masana sun rubuta sunayen ire-iren funfuna da laimar kwaɗi sama da 100,000. Waɗanda aka tabbatar suna ba da haske sun ɗan haura 100 ne kawai. A wasu malafar ce ke haske, a wasu ƙafar kaɗai, a wasu kuwa saƙar ce, laimar ba ta yi. Wannan na ƙarshe shi ya fi ruɗa mutane, domin ba a ganin kome sai itace tsirara yana ƙyalli, kamar an shafa masa wani abu. Hasken dukansu kore ne, mai sanyi, ba ya ƙiftawa. Da wannan a ke rarrabe shi da na ƙwaron nan da ke walƙiya a fadama da damina, wanda ke kunnawa yana kashewa yana yawo, da kuma idon dabba, wanda ba ya haske sai an haska shi da fitila.

ABIN DA KE KAWO HASKEN

Ba sabon abu ba ne a duniya. Aristotal, malamin Yunanawa, ya ambaci abubuwan da ke haske cikin duhu ba tare da wuta ba, shekara fiye da 2,300 da suka wuce. A 1667 wani masani na Ingila, Robert Boyle, ya yi gwajin da har yau ya isa hujja. Ya sa guntun itace mai haske cikin tulun gilashi, ya zuƙe iskar da ke ciki da famfo, sai haske ya dushe. Da ya mayar da iska sai haske ya komo. Ya kuma lura da cewa garwashi in an hana shi iska mutuwa ya ke yi ɗungum, amma itacen nan farfaɗowa ya ke yi, ga shi kuma ba shi da zafi ko kaɗan. Daga baya aka gane cewa saƙar da ke cikin itacen ce ke yin hasken, kuma abin da ta ke bukata cikin iska shi ne oksijin, watau sashen nan da mutum da dabba ke shaƙa su rayu.

Cikakken bayani bai samu ba sai a zamanin nan. A 2015 masana a Rasha suka gano sinadarin da ke ba da hasken, a 2018 kuma ƙungiyar Ilia Yampolsky ta birnin Mosko ta bayyana matakan da laimar ke bi wajen haɗa shi, bayan sun yi nazarin wata irin laima mai suna Neonothopanus nambi, wadda aka samo daga ƙasar Biyetnam. Ga yadda abin ya ke a taƙaice. Akwai wani sinadari da a ke samu cikin kowane tsiro. Laimar ta kan juya shi sau biyu ya zama wani abu dabam, sa'an nan ta gama shi da oksijin. A wurin gamuwar nan ne ƙarfin da ke ciki ke fita, amma maimakon ya fita da zafi kamar na murhu, sai ya fita da haske. Abin da ya rage kuma ba ta yar da shi, ta kan mayar da shi yadda ya ke da fari ta sake amfani da shi. Don haka ne hasken ke daɗewa ba a ƙara masa mai. Da masana suka gane wannan, sai suka ɗauki umarnin halittar da ke tafiyar da aikin suka sa cikin tsiron taba, a 2020 suka nuna taba mai haske da kanta. A 2024 wani kamfani a Amurka ya fara sayar da wani furen ado da aka yi wa haka, kowane tushe dala 29.

Amfanin hasken ga ita laimar fa? A Burazil an ƙera laimomin ƙarya da roba, aka shafa musu danƙo, aka sa wa wasu ƙananan fitilu kore a ciki, wasu aka bar su da duhu, aka ajiye a daji. Masu fitila sun kama ƙwari da ƙudaje da tururuwa fiye da marasa fitila nesa ba kusa ba. Masu binciken, da suka buga sakamakonsu a 2015, sun ce laimar tana kiran ƙwari ne su ɗauki irinta su kai gaba, a kurmin da iska ba ta kaɗawa. Sun kuma tarar tana da lokacinta, ta fi haske da dare. Amma da aka gwada wata irin a Ostareliya, aka buga a 2016, ƙwari ba su kula ta ba. Ashe ba dalili ɗaya ne ga dukansu ba.

INDA A KE SAMUN TA

Laimar nan abar ƙasar ruwa ce. Ta fi yawa a kurmin Burazil, da Jafan, da Indiya, da tsibiran gabashin Asiya, an kuma ɗauki hoton irin wannan haske a kurmin Kwango. Labarai uku sun isa Hakimi ya riƙe, don sun nuna irin wurin da ta ke so.

Wajen 1840 wani Bature mai nazarin tsirrai, George Gardner, ya tarar da yara suna wasa da wani abu mai haske a kan titin wani gari mai suna Natividade a Burazil. Ya zaci ƙwaro ne, ashe laima ce babba, wadda ke fitowa a kan ruɓaɓɓen ganyen wani ɗan gajeren itace dangin giginya. Ya aika da ita Ingila, aka sa mata sunansa. Daga nan masana ba su sake yin cikakken bayaninta ba sai a 2011, alhali kuwa mutanen ƙauyukan wurin ba su taɓa mance ta ba. A tsibirin Hachijo na Jafan akwai wata 'yar ƙarama, Mycena chlorophos, da ke fitowa da damina a kan matattun rassan wani dangin dabino, baƙi na zuwa kallonta. A jihar Meghalaya ta Indiya kuwa, inda ruwan sama ya ke da yawan gaske, masana sun je a 2018 suka tarar da wata irin da ba a taɓa rubutawa ba, a kan mataccen gora ta ke fitowa, ƙafarta ce ke haske.

Ƙasar Zamfara ta yamma ba kurmi ba ce. Ruwa na sauka ne wata huɗu zuwa biyar, sauran shekara kuwa hunturu ne da bazara, waɗanda ke busar da itace har cikinsa, gara kuma ta cinye abin da ya rage kafin funfuna ta kai gare shi. Saboda haka kada Hakimi ya sa mutane wahalar dubawa a tudu ko a jigawa. Wurin da ya cancanci a duba shi ne inda inuwa da danshi ke daɗewa: bakin Gulbin Zamfara da Gulbin Ka da rafukan da ke zuba cikinsu, da fadamun ƙasar Gummi, da gindin giginya da tukurwa inda rassa suka zube suka ruɓe, da kurmin gora, da tsofaffin lambunan mangwaro. Lokaci kuwa shi ne tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba, sa'ad da marka ta zauna, bayan kwana biyu ko uku ana ruwa.

YADDA ZA A NEMA

A wasu ƙasashe masu neman laimar nan da dare su ke shiga daji, a ƙarshen wata, su kashe fitila su tsaya. A ƙasashen nan uku lalle ne kada Hakimi ya yarda da wannan. Kowa ya san halin da dazuzzukan yankin suka shiga saboda 'yan bindiga, ba a kuwa mance da kisan da aka yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a watan Janairu na 2022 ba. Ko babu wannan, damina lokacin kububuwa ne da kasa da kunama, kuma ƙarƙashin ruɓaɓɓen itace shi ne ɗakinsu. Babu laimar da ta kai a ba da rai dominta.

Akwai hanyar da ta fi sauƙi, ta kuma fi lafiya, watau a kawo dajin gida. Da rana tsaka, a wurin da Dagaci ya san ana zuwa noma ko kamun kifi ba tare da fargaba ba, mutum ya sa takalmi mai rufe ƙafa, ya juya itacen da sanda tukuna, kada da hannu. Ya zaɓi wanda ya yi taushi, ya jiƙe, ya yi fari daga ciki, ya ɓallo guntu kamar tsawon taƙi, ya bar sauran a wurinsa. Kada a sari ɗanyen itace, kada kuma a shiga gandun daji sai da sanin Malamin Daji. A naɗe guntayen da ganye ko jiƙaƙƙen buhu, kowane a san inda aka ɗauko shi.

In dare ya yi sai a shiga da su ɗakin da ba ya da taga, a toshe ƙofa da tabarma ko bargo, a kashe kowace fitila har da ta wayar hannu. Nan ne haƙuri ke aiki. Idon mutum ba ya sabawa da duhu sosai sai bayan minti 20 ko fiye, kuma ƙyasta ashana guda ya isa ya ɓata shirin, a koma farko. Hasken ba ya da ƙarfi, sau da yawa ma da gefen ido a ke fara ganinsa, kamar toka-toka, kafin koren ya bayyana. In an fasa itacen sabon fashi, iska ta shiga, ya kan ƙara haske bayan 'yan sa'o'i.

In an dace an samu, to, Hakimi ya sami abin da ya fi dogon jawabi. Ya tara Dagatai da Liman da dattawa, kowa ya taɓa ya ji babu zafi. A yayyafa masa ruwa su ga bai mutu ba. Sa'an nan a raba shi biyu, a shanya rabi a rana kwana biyu ko a tsoma shi cikin tafasasshen ruwa, rabi kuma a bar shi cikin jiƙaƙƙen buhu. Wanda aka shanya ko aka dafa zai daina haske, ɗayan zai ci gaba. Mutumin da ya ga wannan da idonsa ba ya bukatar a sake gaya masa cewa halitta ce daga halittun Allah, mai rai, mai bukatar ruwa da iska, ba aikin wata tsohuwa ba.

BA ABINCI BA CE

Tilas a ja kunnen iyaye a kan wannan. Da dama daga cikin laimomi masu haske dafi gare su. A Jafan akwai wata mai suna Omphalotus japonicus wadda ke cikin waɗanda suka fi kai mutane asibiti, domin ta yi kama da irin da a ke ci. 'Yan'uwanta na Turai da Amurka da Ostareliya su ma haka su ke, amai da murɗar ciki da zawo su ke sawa. Haske ba alamar dafi ba ne, rashin haske kuma ba alamar lafiya ba ne. Haka nan ba hujja ba ce a ce an ga akuya ko ƙwaro ya ci. In wani ya ci laimar daji ya soma ciwo, a kai shi asibiti mafi kusa nan da nan, a tafi da ragowar abin da ya ci. Wanda ciwonsa bai taso ba sai bayan sa'a 6 ko fiye, nasa ya fi hatsari, ko da ya ga kamar ya sami sauƙi a tsakani, domin irin wannan dafi hanta ya ke ci.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da Anka da Bukkuyum. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke da Bagega da 'Yargalma, sanadiyyar niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyukan, ta Bagega a 2013. Amma dalma ba ta ruɓewa, haka ma zaibar da a ke kama zinariya da ita. Laimar kwaɗi kuwa an san ta da tsotso irin waɗannan ƙarafa daga inda ta tsiro ta tara a jikinta. Saboda haka ko naman kazan da aka saba ci, irin wanda ke fitowa a bakin suri, kada a tsinko shi kusa da ramin haƙa, ko wurin niƙa, ko kududdufin wanke dutse. Dafuwa ba ta fid da dalma.

YADDA A KE NOMA TA

Ana iya noma laima mai haske, ana kuwa yi a Jafan da Amurka da Turai. Sai dai Hakimi ya sani tun da fari, ba sana'a ba ce. Ba a cin ta, ba ta maye gurbin fitila, babu kuma kasuwarta a Gusau ko Sakkwato. Duk wanda ya zo ƙauye da kwalba yana cewa irin arziki ne, a bincike shi. Amfaninta na makaranta ne, yara su ga yadda funfuna ke rayuwa. Amfani na biyu, wanda ya fi girma, shi ne hanyar noman ɗaya ce da ta naman kazan ci mai suna Pleurotus, wanda a ke nomawa a Nijeriya ana sayarwa, Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ibadan ma tana koyar da nomansa. Wanda ya iya wannan ya iya wancan.

Abu na fari shi ne iri. Ba ƙurar nan a ke shukawa ba, saƙa ce tsarkakakkiya da aka raina a ɗakin gwaji a kan dafaffiyar dawa cikin kwalba, har ta lulluɓe ƙwayoyin fari fat. Wannan ba aikin gida ba ne, daga jami'a ko cibiyar bincike a ke samo shi. Wanda zai sayo daga ƙasar waje sai da izinin hukumar da ke tsare shigo da tsirrai da dabbobi, kuma da dalili. Akwai dangin Armillaria, saƙarsu na haske, amma su ke kashe saiwar koko da shayi a ƙasashen Afirka. Bai kamata son kallo ya jawo wa lambunan mutane ciwo ba.

Abu na biyu shi ne gonar, wadda ba ta wuce jakar leda ba. A samo garin katako daga masu zarto, na itace mai ƙarfi wanda ba a shafa wa maganin gara ko fenti ba, kuma ba daga garin da a ke niƙa dutse ba. Mudu 8 na garin katako, mudu 2 na dusa, da ɗan garin alli kamar cikin tafin hannu. A cuɗa da ruwan rijiya mai tsabta har ya zama in an dunƙula an matse, ɗigo ɗaya ko biyu ne zai fito ta tsakanin yatsu. In ya zuba, ruwa ya yi yawa. In dunƙulen ya watse, ya yi kaɗan. A ɗura cikin leda mai kauri, a danna, a sa wa bakin ɗan guntun gora kamar wuyan kwalba, a toshe da auduga.

Sa'an nan a turara. Kowace mace ta san yadda a ke turara dambu, to, haka ne, sai dai da duro. A zuba ruwa kaɗan a ƙasa, a girka katako bisansa don kada jakunkuna su taɓa ruwa, a jera su, a rufe, a ba shi wuta sa'a 6 ko fiye daga lokacin da tururi ya tashi. Dalili shi ne garin katakon cike ya ke da irin wasu funfunoni, in ba a kashe su ba su za su riga cinye abincin. A nan yawancin masu koyo ke faɗuwa, don ƙyashin itacen wuta. A bar jakunkunan su huce sarai har gobe. A ɗakin da aka share aka yayyafa wa ruwa, babu iska mai kaɗawa, mutum ya wanke hannu da sabulu, ya goge hannu da cokali da sifirit, ya cire audugar, ya zuba cokali 2 na iri, ya mayar maza-maza. Kada ya yi magana a kan bakin jakar.

A jera su cikin inuwa. Cikin mako 3 zuwa 6 saƙa za ta sauko daga sama har ta farar da jakar duka. Wadda ta yi kore ko baƙi ko ta yi tsami ta lalace, a fitar da ita a ƙone, kada a buɗe ta kusa da sauran. A wasu ire-iren, tun a wannan mataki jakar ke soma haske in an dube ta cikin duhu. Da ta farare sai a tsaga ledar, a riƙa fesa ruwa sama-sama safe da maraice, a bar iska da ɗan hasken rana na shiga, har laimomi su ɓullo.

Babbar wahala a Zamfara ita ce zafi. Masanan Jafan sun gwada Mycena chlorophos suka tarar saƙarta ta fi girma a digiri 27, laimar kuwa ta fi fitowa a digiri 21, haskenta kuma ba ya wuce kamar kwana 3. Wata irin da a ke yawan nomawa, Panellus stipticus, ita ma sanyi ta ke so, kuma ta Amurka ce ke haske, ta Turai ba ta yi, ko da ya ke sunansu ɗaya. A watan Maris da Afrilu zafin yankin nan ya kan haura digiri 40, wanda zai hallaka aikin. Saboda haka a fara a tsakiyar damina, ko kuwa a auna yadda fitar laima za ta faɗo cikin sanyin Disamba da Janairu, a yi ta fama da bushewar iska da jiƙaƙƙun buhuna. Ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa ya fi na kwano. Ana kuma iya aro dabarar Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa, wanda ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000: a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen zane. Ruwan da ke tashi daga jikin tukunyar waje shi ke sanyaya ta ciki, kuma dabarar ta fi ci a lokacin da iska ta bushe. Jaka ɗaya ko biyu za su shiga. A riƙa ɗaga zanen sau biyu a yini, domin in babu iska babu haske.

AIKIN MALAMIN HAKIMI

Duk sa'ad da aka sami itace ko laima mai haske, Malamin Hakimi ya rubuta ranar, ta watan Musulunci da ta Bature, da sunan ƙauye da na Dagacinsa, da irin wurin, ko fadama ne ko bakin gulbi ko lambu. Ya rubuta sunan itacen da ta hau, da kwana nawa rabon da a yi ruwa, da sashen da ke haske, malafa ko ƙafa ko jikin itacen, da sunan da mutanen wurin ke kiranta da shi in akwai. In da wayar hannu mai ɗaukar hoton dare, a jingine ta da wani abu don kada ta motsa, a ɗauka, a kuma ɗauki wani da rana tare da ashana a gefe don a gane girmanta.

In akwai laima, a yanke malafa ɗaya a kifa ta a kan farar takarda, a rufe da kwano har safe. Ƙurar iri za ta zuba ta bar zane, launinsa yana taimakon masana wajen gane ta. A naɗe takardar. Sauran laimomin a busar da su a inuwa mai iska ko kusa da murhu, ba cikin wuta ba, har su yi ƙarau, a sa cikin ambulan na takarda, kada leda, don leda ruɓar da su ta ke yi. Guntun itacen kuwa a bar shi da danshinsa cikin buhu, a hanzarta da shi. Hakimi ya sa hannu a takardar, a miƙa wa Malamin Daji ko Malamin Gona na Ƙaramar Hukuma, tare da roƙon a isar ga sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ko Jami'ar Tarayya da ke Gusau. A ajiye kwafi ɗaya a ofishin Hakimi, ɗaya kuma a aika fadar Sarki.